Jean Piaget: Masanin dodon koɗi da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron kurakuran yara

Da wuya a sami wanda ya ratsa kwalejin horar da malamai a Najeriya bai haɗu da sunan Jean Piaget ba. Ɗalibai kan haddace matakansa huɗu na bunƙasar tunanin yaro, tare da shekarun da aka rataya wa kowane mataki, su zube su a takardar jarrabawa, daga nan kuma sai mantuwa. Kaɗan ne suka san cewa mutumin da ya fito da waɗannan matakai ba shi da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma bai taɓa ɗaukar kansa gwanin koyarwa ba. Masanin halittu ne da ya fara da dodon koɗi, sai wata tambaya ta falsafa ta ja shi zuwa wurin yara: ta yaya sani ke tsirowa a kan mutum? Ya yi zaton shekara biyar za ta ishe shi samun amsa, sai aikin ya ci masa shekara sittin.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1896, a Neuchâtel, wani gari na bakin tafki a yankin masu jin Faransanci na ƙasar Suwizalan. Ana furta sunan nasa Piyaje. Mahaifinsa, Arthur, farfesa ne na tsohon adabin Turai a jami'ar garin, mutum mai tsananin bin diddigin hujja. Mahaifiyarsa, Rebecca Jackson, mace ce mai basira da riƙo da addini, amma tana fama da rashin natsuwar zuciya da ya hana gidan kwanciyar hankali. A taƙaitaccen tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, Piaget ya nuna cewa wannan hali na gida ne ya sa ya bar wasa da wuri, ya fake cikin aikin nazari.

A 1907 ya ga wata gwara zabiya a lambun shaƙatawa na garinsu, ya rubuta ɗan bayani na shafi guda a kanta, wata mujallar masu nazarin halittu ta buga. Wannan ya buɗe masa ƙofar gidan adana kayan tarihin halittu na Neuchâtel, inda shugaban gidan, Paul Godet, ya ɗauke shi yana taya shi liƙa sunaye a jikin ɓawon dodon koɗi iri-iri bayan an tashi daga makaranta. Shekara huɗu suka yi a haka. Da Godet ya rasu a 1911, yaron ya ci gaba da aikin shi kaɗai, yana buga maƙaloli a mujallun masana, har aka yi masa tayin kula da sashen waɗannan halittu a gidan tarihi na Jeneba. Masu tayin ba su san ɗan sakandare ba ne, dole ya ba su haƙuri.

A wannan tsakani wani abu ya faru da shi wanda ya daɗe yana ba da labarinsa. Tun yana ƙarami yake tuna ranar da wani mutum ya yi ƙoƙarin sace shi daga keken jarirai a wani babban titi na birnin Paris, mai rainonsa ta tsaya ta kare shi har aka yaƙushe ta a fuska, ɗan sanda ya zo, ɓarawon ya arce. Yana ganin komai a zuciyarsa dalla-dalla. Sai da ya kai shekara 15 matar ta rubuto wa iyayensa wasiƙa cewa ta tuba, labarin ƙirƙirarsa ta yi, ta kuma nemi mayar da agogon da aka ba ta tukuici. Ashe abin da ya ji ana faɗa a gida ne ƙwaƙwalwarsa ta gina ya zama hoto. Wannan darasi, cewa zuciya gina abin da ta sani take yi, ya bi shi har ƙarshen aikinsa.

Ubangidansa na baftisma, marubuci Samuel Cornut, ya ga yaron na neman ƙarewa cikin ɓawon dodon koɗi, sai ya gabatar masa da falsafar Henri Bergson. Daga nan Piaget ya shiga ruɗani tsakanin imanin gidansu da ilimin kimiyya, ya yi ta karatu da rubutu har lafiyarsa ta taɓu, aka kai shi jinya kan duwatsu. A can ya rubuta wani littafin ƙagaggen labari mai cike da falsafa, wanda aka buga a 1918, shekarar da ya sami digirin dakta a ilimin halittu da bincike kan dodon koɗin yankin Valais. Shawarar da ya yanke a lokacin ita ce, tambayar asalin sani ba za ta warware a kan kujerar masu falsafa ba, sai an bi ta kamar yadda ake bin girman kowace halitta, daga ƙwai har ta cika.

Ya ɗan zauna a Zurich yana sauraron darussan Carl Jung da Eugen Bleuler, inda ya koyi yadda likitocin ƙwaƙwalwa ke yi wa majinyaci tambaya su bar shi ya bi zaren tunaninsa. A 1919 ya wuce Paris. Théodore Simon, abokin aikin marigayi Alfred Binet wajen ƙirƙiro gwajin auna basira, ya ba shi wani aiki mai gundura a wata makarantar yara maza: ya gwada musu tambayoyin da Baturen Ingila Cyril Burt ya tsara, ya ƙirga yara nawa ke cin kowace tambaya a kowace shekara. Ɗaya daga cikin tambayoyin ta shafi 'yan mata uku, ta farko ta fi ta biyu haske amma ta fi ta uku duhu, a faɗi wadda ta fi kowa duhu. Piaget ya lura yara har wajen shekara 11 suna faɗuwa, kuma faɗuwar tasu ba ta barkatai ba ce. Yaran da ke tsara ɗaya iri ɗaya suke kuskure, su kuma kawo dalili iri ɗaya. Sai ya ajiye ƙirgar maki, ya koma tambayar yaro yadda aka yi ya kai ga amsarsa.

Abin da ya gano a wancan aji shi ne tushen duk aikinsa na gaba. Kafin nan, yawancin masu auna basira na kallon yaro a matsayin babba wanda bai cika ba, wato tunani iri ɗaya ne, nasa ne dai kaɗan. Piaget ya ce tunanin yaro wani iri ne daban, mai nasa tsari da nasa ƙa'idoji, kuma amsar da ba daidai ba ita ce tagar da ake leƙa wannan tsari ta cikinta. Amsar daidai ba ta nuna komai sosai, don tana iya zama hadda.

Maƙalolin da ya rubuta a Paris sun ja hankalin Édouard Claparède, wanda ya kira shi a 1921 ya shugabanci bincike a Cibiyar Jean-Jacques Rousseau ta Jeneba. Cikin shekara 11 ya fitar da littattafai biyar da suka sa sunansa ya zagaya duniya tun bai kai arba'in ba. Na farko, a 1923, ya dubi harshe da tunanin yaro, inda ya nuna cewa ƙananan yara da ke wasa wuri ɗaya sau da yawa kowa maganarsa yake yi ba tare da ya damu ko ɗan'uwansa ya fahimta ba. Ya kira wannan ganin duniya daga inda kai kaɗai ka tsaya. Ba son kai yake nufi ba. Yaron ne bai riga ya gane cewa wani na iya hangen abu ta wata fuska ba. A littafin 1926 ya tattara yadda yara ke fassara duniya: wata na bin su in suna tafiya da dare, mafarki daga waje yake shigowa ɗaki, duk abin da ke motsi yana da rai, sunan rana kuma a jikin ranar yake.

Na biyar, wanda ya fito a 1932 kan yadda yaro ke hukunta daidai da kuskure, shi ya fi daɗin labari. Farfesa guda ya durƙusa ƙasa yana wasan 'yan ƙwallayen gilashi da yaran Jeneba da Neuchâtel, yana nuna musu ya manta dokokin wasan don su koya masa. Ƙanana sun ɗauki dokar abu ne da ya sauko daga manya, ba a taɓa shi, ko da yake su ne suka fi karya ta. Waɗanda suka kai shekara goma sun gane yarjejeniya ce, ana iya sauya ta in kowa ya amince. Ya kuma ba su labarin yara biyu: ɗaya ya fasa kofuna 15 bisa tsautsayi da ya buɗe ƙofa, ɗaya ya fasa kofi guda garin satar kayan zaƙi. Ƙananan yara suka ce na farko ya fi laifi, domin ɓarnarsa ta fi yawa. Sai sun ƙara girma niyya ke shiga lissafinsu.

A 1923 ya auri ɗalibarsa Valentine Châtenay. Sun haifi Jacqueline a 1925, Lucienne a 1927, da Laurent a 1931, kuma su biyun suka mayar da gidansu wurin bincike, suna rubuta abin da jariran ke yi kusan kullum, da shekara da wata da kwana. Jacqueline tana dab da cika wata takwas ta miƙa hannu za ta kama 'yar agwagwar wasa, agwagwar ta zame ta faɗa bayan naɗin zanin gado, dab da hannunta. Tana kallo abin ya faru, amma ba ta neme ta ba, kamar dai ta bar duniya. Laurent kuwa, in aka miƙa masa kwalbar madara ta gindi yadda ba ya ganin bakinta, ba ya juya ta, sai ya kama tsotson gilashi. Daga irin wannan Piaget ya yanke cewa sanin abu na nan ko ido ba ya ganinsa, ba a haihuwar mutum da shi, jariri ne ke gina shi sannu a hankali. Akwai ma wani lokaci da jaririn ke neman abin da aka ɓoye, amma a inda ya saba samunsa, ko da a gabansa aka canja maɓoyar.

Ranar da ta fi burge masu karanta waɗannan littattafai ita ce ta Lucienne, tana da shekara ɗaya da wata huɗu. Uban ya saka sarƙar agogo cikin kwalin ashana, ya bar 'yar kafa da yatsa ba zai iya ciro ta ba. Yarinyar ta gwada ta kasa. Sai ta tsaya tana kallon kafar, ta buɗe bakinta kaɗan, ta rufe, ta ƙara buɗewa da faɗi, sannan ta sa yatsa ta ja kwalin ya buɗe. Da bakinta ta fara gwada dabarar kafin hannu ya aikata. A wurin Piaget, nan ne ake ganin aiki na komawa ciki yana zama tunani. Littattafai uku suka fito daga wannan lura, a 1936 da 1937 da 1945.

Gwaje-gwajen da aka fi saninsa da su kuwa sun zo ne tare da abokan aikinsa mata biyu, Alina Szeminska da Bärbel Inhelder, waɗanda ba a cika ambatonsu yadda ya kamata ba. A zuba ruwa daidai wa daida cikin kofuna biyu iri ɗaya, yaro ɗan shekara biyar ya yarda ɗaya suke. A juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gabansa, sai ya ce ruwan ya ƙaru. A mulmula curin yumɓu ya yi tsawo, ya ce ya fi yawa. A jera tsabobi layi biyu, a wawware ɗaya, ya ce wanda ya fi tsawo ya fi adadi. Yaro ɗan shekara takwas kuwa zai yi mamakin tambayar ma, ya ce ai ba a ƙara ba, ba a rage ba, in an mayar zai koma yadda yake. Iya mayar da aiki baya cikin zuciya, shi Piaget ya ɗauka alamar shiga sabon mataki.

Daga nan matakan huɗu suka fito. Daga haihuwa zuwa wajen shekara biyu, jariri da gaɓoɓinsa da motsinsa yake sanin duniya. Daga biyu zuwa wajen bakwai ya sami harshe da kwaikwayo da wasan riya abu, amma abin da ido ya gani na rinjayar hujja. Daga bakwai zuwa 11 ko 12 yana iya tunani mai tsari a kan abin da zai iya gani ya taɓa. Bayan nan ne yake iya ɗaukar zato ya bi shi zuwa ƙarshe, kamar a ba shi igiya mai nauyi a ƙasa tana lilo a ce ya gano abin da ke sa ta sauri, ya riƙa sauya abu ɗaya yana barin sauran har ya gane tsawon igiyar ne. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa malaman fiƙihu ma sun daɗe suna sanya shekarun rarrabewa wajen bakwai, ko da yake ta wata hanya daban suka bi.

Abin da haddar aji ke zubarwa shi ne injin da ke tura yaron daga mataki zuwa mataki, kuma shi Piaget ya fi damuwa da shi. A ganinsa, yaro kan fara cusa sabon abu cikin abin da ya riga ya sani, kamar wanda ya san akuya ya ga tunkiya ya kira ta akuya. In sabon abin ya ƙi shiga, dole tunanin ya gyara zama. Tsakanin cusawa da gyaran zama ne ake samun daidaito, sai wani abu ya sake rushe shi, a sake gina wanda ya fi ƙarfi. Wannan tunani daga tafkin Neuchâtel ya ɗauko shi, inda ya shafe shekaru yana lura da yadda ɓawon dodon koɗin da ke zaune inda igiyar ruwa ke duka yake gajarcewa, ya bambanta da na ruwa mai kwanciya. Shekarun da ya ambata kuwa matsakaici ne kawai. Abin da ya dage a kai shi ne jerin matakan, cewa ba a tsallake ɗaya.

Muƙamai sun taru masa. Ya shugabanci Ofishin Ilimi na Duniya da ke Jeneba tun 1929 har kusan shekara arba'in, Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa a 1936, ya koyar a Sorbonne ta Paris daga 1952 fiye da shekara goma. A 1955 ya kafa cibiyar nazarin asalin sani, inda yake tara masana lissafi da kimiyya da falsafa su yi gardama kan abin da aka samo daga yara. Mutanensa na kiransa maigida. An san shi da lofe a baki, da 'yar hula mai taushi, da keke, da ofishin da takardu suka cika har ƙasa. Duniyar masu jin Ingilishi ta yi watsi da shi na wani lokaci, sai littafin John Flavell na 1963 ya dawo da shi, rahoton Plowden na 1967 kuma ya shigar da tunaninsa makarantun firamare na Ingila. Duk inda ya je a Amurka sai an tambaye shi yadda za a gaggauta matakan, har ya laƙaba wa abin suna tambayar Amurkawa. Bai ga amfaninta ba. Ana iya sa yaro ya faɗi amsar daidai, amma abin da bai gina da kansa ba ba ya zama nasa.

Suka ta zo masa ta fuskoki da yawa, kuma mafi yawanta na da tushe. Lev Vygotsky na Rasha, wanda aka haifa shekara ɗaya da shi, ya ce maganar da yaro ke yi shi kaɗai ba rauni ba ce, harshen jama'a ne ke kan hanyar komawa tunanin zuci, kuma Piaget ya raina rawar da manya da al'ada ke takawa. Vygotsky ya rasu a 1934 yana da shekara 37, Piaget bai karanta sukar sosai ba sai wajen 1962, kuma ya amince da wani ɓangare nata, ya nuna takaicin rashin haɗuwarsu. A Edinburgh, James McGarrigle da Margaret Donaldson sun sa wata 'yartsana mai ɓarna ta wargaza layin tsabobi maimakon babban mutum, sai yara da yawa 'yan shekara huɗu zuwa shida suka ba da amsar daidai. Ashe in babba ya taɓa abu ya sake maimaita tambaya, yaro kan ɗauka ana so ya sauya amsa ne. Bayan rasuwarsa, Renée Baillargeon ta nuna cewa jarirai 'yan ƙasa da wata shida na nuna alamar mamaki in abin da aka ɓoye ya yi abin da ba zai yiwu ba. Piaget ya ga abubuwa na gaskiya, amma sau da yawa ya makara wajen sanya musu lokaci.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko abin da aka gani a yaran Jeneba ya shafi yaran duniya duka, kuma wani ɓangare na amsarta a Afirka ta Yamma aka nemo shi. Douglass Price-Williams ya yi aiki da yaran Tibi a yankin Binuwai waɗanda ba su shiga makarantar boko ba, ya yi amfani da ƙasa da 'ya'yan itace da suka saba da su. Sakamakon da ya buga a 1961 ya nuna sun gane dawwamar yawan abu wajen shekara bakwai zuwa takwas, daidai da takwarorinsu na Turai. A Senegal kuwa, Patricia Greenfield ta sami yaran Wolof na karkara da yawa suna faɗuwa gwajin ruwa har sun girma, suna cewa ruwan ya sauya tunda ita ta juye shi. Da ta bar su suka juye da hannunsu, masu cin gwajin suka ƙaru ƙwarai. Pierre Dasen da abokansa sun ga jariran Baule na Kwaddibuwa na bin jerin da 'ya'yan Piaget suka bi, wani wuri ma sun riga su. A Meziko an ga 'ya'yan maginan tukwane na gane dawwamar yumɓu kafin sauran yara. Jerin matakan farko ya tsaya da ƙafarsa, amma saurinsu ya dogara da abin da hannun yaro ya saba taɓawa, da kuma wanda ke tambayar da yadda ya yi ta.

Mataki na huɗu ne ya fi shan kaye, domin manya da yawa, har a jami'o'in Turai da Amurka, ba sa cin gwaje-gwajensa. A wata maƙala ta 1972 Piaget da kansa ya sassauta: ya yarda matakin na iya jinkiri zuwa tsakanin shekara 15 da 20, kuma mutum na iya nuna shi a fagen sana'arsa kaɗai, kamar makaniki a kan inji, ba tare da ya nuna shi a gwajin igiya mai lilo ba. Yana da kusan shekara 76 a lokacin.

Ya yi ritaya daga Jami'ar Jeneba a 1971 amma bai bar cibiyarsa ba. Ya karɓi kyautar Erasmus a 1972 da ta Balzan a 1979. A shekarunsa na ƙarshe ya koma kan abin da ya fara da shi, yana rubutu kan dodon koɗi da tsirrai da yadda halitta ke sauyawa, ra'ayoyin da yawancin masana ilimin halittu ba su karɓa ba. Ya bar littattafai fiye da 50 da ɗaruruwan maƙaloli, wasu ma sai bayan ransa aka buga su. Ya rasu a Jeneba ranar 16 ga Satumba, 1980, yana da shekara 84, aka binne shi a maƙabartar da ake kira ta Sarakuna a tsakiyar birnin.